Da me ake kama kifin da ba ya ci? Amsa kan fatsar salmon a kogunan Sikotland

Wani ɗan'uwa da aikin mai ya kai shi Aberdeen ne ya aiko da tambayar. Ya ce ya fita shan iska ta bakin Kogin Dee, wajen Banchory, ya ga dattawa tsaye cikin ruwa har kwankwaso suna kaɗa doguwar sanda. Ya wuce su da hantsi, ya dawo da la'asar ya same su suna nan. A gabansa ɗaya ya kama ƙaton kifi, ya dube shi, ya sake shi ya tafi. Abokin aikinsa kuma ya gaya masa cewa kifin ba ya cin komai a cikin kogi, kuma sai da mutanen suka biya kuɗi kafin su taka ruwan. Shi da ya tashi yana kallon bikin kamun kifi a Argungu, abin ya ɗaure masa kai: da me ake kama kifin da ba ya ci, don me ake sakinsa, kuma in mutum na so ya gwada, ta ina zai fara?

Malam, abokin aikinka bai yi maka ƙarya ba. Salmon ɗin Tekun Atlantika, daga ranar da ya baro teku ya shigo ruwan daɗi, ya bar ci ke nan. Duk sauran abin da ka gani, tsawon sandar, tsayuwar wuni, haƙurin da ya yi kama da rashin aikin yi, daga nan suka samo asali.

Ana ƙyanƙyashe shi ne a ƙananan rafukan kan tuddai. Wajen Nuwamba zuwa Disamba macen ke haƙa rami cikin tsakuwa da jelarta, ta zuba ƙwai, namiji ya zuba nasa ruwan, ta binne. 'Ya'yan sukan yi shekara biyu ko uku a kogin suna cin ƙwari, tsawonsu bai wuce tafin hannu ba. Sai wata shekara, tsakanin Afrilu da Mayu, jikinsu ya juye launin azurfa su gangara teku. Wasu su yi kiwo a Tekun Norwe da kewayen tsibiran Faro, wasu su kai har yammacin Girinland. Wanda ya yi hunturu ɗaya a teku ya dawo yakan yi kilo biyu zuwa uku. Wanda ya yi biyu ko uku shi ne ke kai kilo biyar, goma, wani lokaci ya ninka haka. Kuma kowanne kogin da aka haife shi yake nema, ƙamshin ruwan ne ke masa jagora a ƙarshen tafiya. Abin da zai rayu da shi a kogi ya riga ya tara a jikinsa, kamar raƙumi da tozonsa. Kifin da ya shigo Dee a Fabrairu zai zauna har Nuwamba kafin ya yi ƙwai, wata tara ke nan ciki ba komai. Da yawa sukan mutu bayan ƙwan, kaɗan su koma teku a rame, wasu cikinsu ma su sake dawowa.

To me zai sa wanda ba ya jin yunwa ya kai wa ƙugiya baki? Masu fatsa suna da bayani uku da suke ta juyawa: tsohuwar ɗabi'ar cafkar ƙwaro tun yana ƙarami, haushin abin da ya shigo masa makwanci, da son sanin mene ne wannan, tunda ba shi da hannun taɓawa sai baki. Ni na fi karkata ga na farko, saboda abin da kowa ya shaida a bakin ruwa: kifin da ya shigo jiya ko shekaranjiya, wanda bai manta da farautar teku ba, shi ya fi saurin kamawa. Za ka gane shi da hasken jiki da ƙwarƙwatar teku da ke manne kusa da jelarsa, wadda ba ta daɗewa a ruwan daɗi take kakkaɓewa. Wanda ya yi watanni a gurbi ɗaya, jikinsa ya yi ja ya yi duhu, ya ga ƙugiya ɗari ta wuce ta kansa, sai ka wuni a kansa ko kallonka bai yi ba. Yana ma iya tsalle a gabanka sau goma. Sabon shiga yakan ɓata wuninsa a kan irin wannan tsallen.

Saboda haka kada ka ɗauka koto ake ba shi. Tsokanarsa ake yi. Abin da ke ƙarshen igiyar, wanda suke kira ƙuda, ƙugiya ce da aka ɗaure wa gashin tsuntsu ko na dabba da zare mai walƙiya. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, galibi ma ba ta yi kama da wani ƙwaro da Allah ya halitta ba. Aikinka shi ne ka sa ta ratsa ta gaban kifin da ke hutawa, a zurfin da ya dace, da saurin da ya dace, a sa'ar da ransa ya motsa. Biyun farko suna hannunka. Na ukun na ruwan sama ne.

Ƙudan ba shi da nauyin da za a jefa, don haka igiyar ce ke da nauyi, ita ake jefawa ta ja shi. A manyan koguna irin Spey da Tay da Dee ana amfani da sanda ta hannu biyu mai tsawon ƙafa 13 zuwa 15. Salon jifan da ka gani, wanda igiya ba ta komawa bayan mutum, a bakin Spey aka ƙirƙiro shi a ƙarni na 19, kuma sunan kogin yake ɗauke da shi har yau a duk duniya. Dalilinsa a fili yake: kogin na da faɗi da gudu, gaɓarsa na da tudu da itatuwa, in ka kaɗa igiya baya sai ta sarƙe a reshe. Sai suka koyi ɗaga igiyar daga ƙasan ruwa, su kewayo da ita a ajiye bakinta a kan ruwa kusa da mutum, sauran ta yi ciki a gefensa, sannan a tura sanda gaba. Ɗan riƙon da ruwa ya yi wa bakin igiyar shi ke lanƙwasa sandar ta harba. Hannun ƙasa ne ke yin aikin, na sama jagora ne kawai, kuma mai ƙarfi ya fi mai rauni wahalar koyo don yana so ya yi da ƙwanji. Akwai ƙa'ida ɗaya da ba a wasa da ita: ƙugiyar ta sauka a gefen da iska ke tafiya, kada ta sauka a gefen da take fitowa. In iska na bin ruwa ƙasa akwai juyin da ake yi, in tana hawa sama akwai wani. Wanda ya saɓa, iska za ta kawo masa ƙugiya a kunne ko a wuya. Shi ya sa ba a shiga ruwa ba tabarau da hula.

Mutanen da can da sandunan katako mai nauyi suke yi, na wata itaciya da ake kawowa daga Guyana. Wani mutumin yankin Inverness, Alexander Grant, ya jefa yadi 65 a Kogin Ness a 1895 da irin wannan sanda, kuma sai da aka yi fiye da shekara ɗari kafin a wuce shi. Kada labarin ya ruɗe ka. Yadi ashirin da suka miƙe sarai sun fi talatin da biyar da suka zube a dunƙule, kuma kifi da yawa a kusa da gaɓa suke kwance, inda mai gaggawa ke takawa ya kore su.

Ga yadda ake bin gurbi, wato wurin da kogi ya yi zurfi kifi ke hutawa. Ka fara daga sama, inda ruwa ke karyewa ya shigo da kumfa. Ka jefa a karkace, tsakanin tsallaken kogi da ƙasansa. Ruwa zai ɗauki igiyar ya kewayo da ita har ta miƙe a ƙasanka, ƙudan na ratsa kogin a hankali. Ka ɗan jira, ka jawo kaɗan, ka taka taku ɗaya ƙasa, ka sake jefawa. Haka har wutsiyar gurbin, inda ruwa ke yin sumul kafin ya faɗa gangara ta gaba. Taku ɗaya bayan kowane jifa doka ce ta ladabi kuma, don akwai mai bin bayanka, kuma ba a shiga gaban wanda ya riga ka. Gwaninta tana cikin sarrafa saurin ƙudan. In tsakiyar kogi ya fi gudu, zai yi wa igiyar ciki ya fizgi ƙudan da sauri fiye da kima, sai ka ɗaga sanda ka mayar da cikin igiyar sama don ya rage. In ruwan ya yi sanyin gudu, sai ka bar cikin ya yi ƙasa, ko ka riƙa jawowa da hannu, don ƙudan da ya tsaya cak ba ya motsa ran kifi. Masu koyo sukan kwashe shekaru suna rage gudu ko'ina, alhali a ruwan ɗumi sauri ya fi tsokana.

Sai kamun kansa, inda aka fi asara. Igiya na cikin kewayowa, ba ka tunanin komai, sai ka ji ta yi nauyi. Ba fizga ba ce, ja ne a hankali, sau ɗaya, sau biyu, sannan ta miƙe. A wannan lokacin kifin ya taso, ya ɗauki ƙudan, yana juyawa zai koma makwancinsa. Duk wanda ya saba fatsa da koton tana, hannunsa zai zabura ya ɗaga sanda, kuma da ya yi haka ya zare ƙugiyar daga bakin da bai gama rufewa ba. Abin da ake so shi ne kada ka yi komai. Wasu sukan riƙe rarar igiya kamar kamu ɗaya tsakanin yatsa da faifan naɗi, su sake ta in an ja. Wasu su bar faifan ya yi ƙara sau biyu ko uku. In kifin ya gama juyawa, nauyin ruwa a kan igiya zai ja ƙugiyar zuwa kusurwar bakinsa, inda take kamawa da kyau. Sannan ka ɗaga a natse. A zamanin sarauniya, wasu tsofaffi a can sukan ce ka yi mata fatan tsawon rai tukuna, kafin ka ɗaga sanda. Kai bisimilla cikakkiya, ba gaggawa, ta ishe ka. Ba mamaki ka ga jagoran ruwa, wato mai raka baƙi a kogi, ya tsaya daf da kafaɗar baƙo, hannunsa a kan sandar, don kawai ya danne ta a wannan daƙiƙar.

Batun wane ƙuda za a ɗaura shi ne hirar da ba ta ƙarewa a bukkar masu fatsa, kuma a ganina shi ne mafi ƙarancin muhimmanci. Girma da zurfi su ne magana, su kuma zafin ruwa ke yanke su. Tsohuwar ƙa'ida ita ce digiri 48 a ma'aunin Faranhait, wato wajen 9 a ma'aunin da muka saba. Ƙasa da haka kifi na kwance a ƙasa ba ya son tashi, sai a kai masa babban ƙuda mai nauyi, tsawon yatsa, da igiya mai nutsewa, a tafiyar da shi a hankali. Sama da haka zai taso har saman ruwa don ɗan ƙudan da bai kai farce biyu ba, sai a koma igiya mai iyo. Wanda ya kafa wannan salo na biyu shi ne Arthur Wood, wanda ya riƙe yankin Cairnton a kan Dee, kusa da inda ka tsaya kallo, daga 1913 zuwa 1934. A zamaninsa igiyar siliki ce, sai an shafa mata mai take iyo. Yau roba ta ɗauke wannan wahalar, amma tunanin nasa ne ake bi. Akwai ƙari da masu ruwa suka yarda da shi: in iska ta fi ruwa sanyi, kifi ba ya son tasowa.

Ƙudajen zamanin Sarauniya Biktoriya kuwa abin kallo ne. Daular Birtaniya na kwaso gashin tsuntsaye daga Indiya da Kudancin Amurka da Afirka, masu ɗauri na jera su a kan ƙugiya ɗaya. Shahararren cikinsu, Jock Scott, wanda aka sa wa sunan wani jagoran ruwa na Kogin Tweed a tsakiyar ƙarni na 19, yana ɗauke da gashin tsuntsaye iri-iri, kuma a maƙogwaronsa gashin zabo ne, zabon nan namu mai ɗigo-ɗigo. A arewa, kusa da garin Brora, wata mata mai suna Megan Boyd ta kwashe rayuwarta tana ɗaura irin waɗannan a wata 'yar rumfa da ke kallon teku. Sarki Charles, tun yana yarima, yana cikin masu sayen nata, an ba ta lambar girma a 1971, kuma ita kanta ba ta yin fatsa. Ta rasu a 2001. Yanzu irin waɗannan sun koma kayan ado a cikin gilashi. Gashin dabba da aka rina ya maye gurbinsu don ya fi motsi a ruwa, ya fi araha, kuma ba a kashe tsuntsun da ke neman ƙarewa saboda shi. In ka sami Cascade da Ally's Shrimp, waɗanda Alastair Gowans ya ƙirƙira, da Willie Gunn mai baƙi da ruwan ɗorawa da ruwan lemo, da Stoat's Tail ɗan baƙi don ruwa in ya ja baya, kowanne girma uku, ka gama sayayya. Sauran na kama masu fatsa ne a kanti.

Manyan kogunan gabas su suka yi suna, amma in ana maganar kogunan tuddai na ainihi, sai an haura arewa: Helmsdale, Naver, Oykel, Brora, Thurso, Findhorn. Da yawansu ƙanana ne, sanda mai sauƙi ta ishe su, kuma rayuwarsu a hannun ruwan sama take. In an yi fari, kifi na tare a bakin teku yana jira, duwatsun kogi a waje. Ruwa ya sauka a kan tudu da dare, da safe kogi ya cika ya yi laka, ba a kama komai. Sa'ar da ake nema ita ce lokacin da ya fara ja da baya yana washewa, ya koma launin shayi ba madara saboda baƙar ƙasar ruɓaɓɓun ciyayi da ya ratso. Wannan na iya zama wuni ɗaya, na iya zama awa huɗu. Mutum ya biya kuɗin mako tun bara, sa'ar ta zo ranar da ya tafi. Suna da dabarunsu na kansu a can. A Helmsdale da Naver akan ɗaura ƙuda biyu, a ɗaga sanda sama, na saman ya riƙa taɓa fuskar ruwa yana rawa a bakin kumfa, ka ga kifin da idonka ya taso ya buɗe baki. A Thurso, inda gurabe ke da tsawo ruwa kuma ba gudu, daga ƙasa ake farawa: ka jefa tsallake, ka yi taku biyu ko uku sama kana jan igiya, tafiyarka ce ke ba ƙudan rai, musamman in iska ta yamutsa saman ruwan.

Kuɗin da aka ce sun biya gaskiya ne, sai dai ba gwamnati suka biya ba. A Sikotland babu lasisin sanda irin na Ingila. Haƙƙin kamun salmon dukiya ce ta mutum, ana saye, ana sayarwa, ana gado, kuma yana iya zama daban da mallakar ƙasar da ke bakin ruwan. An yanka kowane kogi yanki-yanki, kowane yanki da mai shi da adadin sandunan da aka yarda su shiga a rana. Shiga ba rubutaccen izini laifi ne, akwai dogarawan ruwa masu ikon ƙwace kaya. Ranar Lahadi kuma doka ta hana kamun salmon gaba ɗaya, don haka makon fatsa Litinin ne zuwa Asabar. Kowane kogi da lokacinsa: Helmsdale na buɗewa 11 ga Janairu, Tay 15 ga Janairu, Dee 1 ga Fabrairu, Spey 11 ga Fabrairu zuwa ƙarshen Satumba. Ranar buɗe Tay a Kenmore ana fitowa da masu busa algaitarsu mai jaka, a zuba wa ruwa wuski. Za a miƙo maka kai ma a bukka in an kama kifi. Ka ce ba ka sha, ba wanda zai ja maganar, shayi na nan.

Wannan tsari da ake kira na gargajiya bai tsufa kamar yadda yake nunawa ba, kuma asalinsa ba mai daɗin ji ba ne. Kwarin Naver da na Kildonan, inda Helmsdale ke gudu, cike suke da ƙauyuka kafin a tashi mutanensu da ƙarfi tsakanin 1813 da 1819 don a zuba tumaki, wasu aka tura su bakin teku, wasu suka ƙare a Kanada. Bayan gidan sarauta ya sayi Balmoral a bakin Dee a 1852, jirgin ƙasa kuma ya iso arewa, attajiran kudu suka mayar da tuddan wurin farauta da fatsa. Shirun da baƙo ke yabawa a waɗannan kwaruruka, kufai ne. In ka lura za ka ga tushen gidajen a cikin ciyawa.

Daga wannan zamanin aka gaji gili, wato jagoran ruwa da mai yanki ke ɗauka aiki. Shi ya san kowane dutse da kifi ke fakewa a bayansa, a kowane tsayin ruwa, don makwancin kifi na canzawa in ruwa ya ƙaru ko da taƙi ɗaya ne. In ya ce ka fara daga wancan dutsen, ka fara daga nan, ko da idonka na ganin wani wurin ya fi kyau. Ana ba shi tukuici a ƙarshen wuni ko mako, an kama ko ba a kama ba. Wata 'yar gili ce ma, Georgina Ballantine, ke riƙe da kambin salmon mafi girma da aka taɓa kamawa da sanda a ruwan daɗin Birtaniya: laba 64, kusan kilo 29, a Tay, ranar 7 ga Oktoba 1922, mahaifinta na tuƙa kwalekwalen. Nata da ɗan kifi aka yi koto. Na ƙuda kuwa wata matar ce kuma, Clementina Morison, laba 61 a Kogin Deveron a 1924.

Sakin da ya ba ka mamaki, dole ce ta kawo shi. Kakannin waɗancan dattawan kashewa suke yi, a jera kifi a ciyawa a ɗauki hoto. Kifin ne ya ragu ƙwarai. A 2010 abin da aka kama da sanda a Sikotland ya haura dubu 100. A 2023 bai kai dubu 33 ba, wanda a lokacin shi ne mafi ƙanƙanta tun da aka fara ajiye lissafi a 1952, kuma a ƙarshen wannan shekarar hukumar duniya mai lura da halittu masu neman ƙarewa ta sa salmon ɗin Birtaniya cikin waɗanda ke cikin haɗari. Babbar matsalar a teku take: cikin 'ya'yan da ke fita, waɗanda ke dawowa sun ragu sosai a kan na shekarun 1960 da 1970, teku na ɗumama, abincinsu na ƙaura. A gaɓar yamma gonakin kiwon salmon na tara ƙwarƙwata da ke afka wa ƙananan da ke wucewa. Amma kogunan gabas ba su da waɗannan gonaki kuma su ma sun ragu, don haka wanda ya ɗora laifin duka a kansu ya taƙaita. A saman Dee rafukan da ba su da inuwa suna yin zafin da ke galabaita 'ya'yan kifi, shi ya sa masu kula da kogin suka ɗauki aikin dasa itatuwa miliyan ɗaya. Doka ta bi baya: tun 2002 haramun ne sayar da salmon da aka kama da sanda, duk wanda aka kama kafin 1 ga Afrilu sai an sake shi, tun 2016 kuma ana auna kowane kogi shekara-shekara, wanda ya yi rauni ba a kashe ko ɗaya a cikinsa, aka kuma dakatar da taru a gaɓar teku. A Dee tun shekarun 1990 suka fara sakin da kansu. Yanzu fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da aka kama komawa ruwa yake.

Sakin ma da yadda ake yinsa. A matse ɗan haƙorin ƙugiya tun kafin a fara, don ta fita da sauƙi. Kada a ja faɗan ya yi tsawo don jin daɗi, a matsa wa kifin a kawo shi da sauran ƙarfinsa. A sa shi a koma mai laushi marar ƙulli, a bar shi cikin ruwa, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, kada a ɗaga shi ta jela, kada a ja shi kan tsakuwa. In hoto ake so, daƙiƙa kaɗan a saman ruwa. Sannan a riƙe shi kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa har ka ji ya buga jela ya ƙwace da kansa. In ruwa ya kusa digiri 20 a ma'auninmu, a naɗe igiya a koma gida, don a wannan zafin kifin da aka gajiyar kan mutu ko an sake shi. Ko daidai ne a wahalar da dabba don nishaɗi alhali ba ci za a yi ba, tambaya ce da ta cancanta, su ma suna gardama a kanta. Abin da zan iya shaida shi ne kuɗin masu fatsa ne ke riƙe da hukumomin koguna da dogarawansu, kuma su ne suka fi kowa ɗaga murya in an taɓa ruwan.

In kana so ka gwada, kada ka fara da kanti. Ka nemi mai koyar da jifa ka yi awa biyu ko uku da shi, da sandarsa, a kan ruwa mai gudu. Bayan nan ka nemi ruwan ƙungiya. Ƙungiyar masu fatsa ta Aberdeen da kewaye na da yankuna a Dee da Don da Ythan, ta Grantown na da mil da dama na Spey, ta Inverness na da Ness a tsakiyar gari, kuma irin waɗannan wuraren 'yan gomiyoyin fam ne a rana, inda shahararrun yankuna a tsakiyar lokacinsu ke cin ɗaruruwa. Shafin intanet na FishPal na nuna yankunan da ba su cika ba, da tsayin ruwa, da abin da aka kama a makon. Amfaninka a kan baƙon da ya taso daga Amurka shi ne kana kusa: ka sa ido a kan ruwan sama, in kogi ya cika ya fara sauka ka nemi rana. Yuni zuwa Satumba ya fi wa mai koyo sauƙi, igiya mai iyo, ƙaramin ƙuda, ba sanyin Fabrairu da ke daskarar da igiya a zoben sanda. A Yuni rana ba ta faɗuwa a Inverness sai bayan ƙarfe goma na dare, kuma awar da ke gaban magariba na cikin mafi kyau, sai ka tsara sallarka da abincinka a kan haka.

Wandon roba mai haɗe da takalmi har ƙirji za ka iya ara ko haya a farko. Rigar iyo da sandar dogarawa kuwa ba a barin su, musamman a Spey, wanda duwatsunsa ke da santsi, ruwansa kuma ke ture ƙafa. In ka faɗi, ka kwanta rigingine, ƙafafu gaba, hannuwa a buɗe, ka bar ruwa ya kai ka inda ba zurfi, ka rarrafo waje kafin ka miƙe. In za ka arewa ko yamma tsakanin Yuni da Agusta ka sayi ragar rufe fuska, don akwai wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ke fitowa dubbai in iska ta kwanta. Kayan da aka taɓa shiga ruwan wata ƙasa da su, musamman Norwe, sai an wanke su da magani an shanya kafin su taɓa kogin Sikotland, saboda wata ƙwayar cuta da ta hallaka kifin koguna da dama a can, kuma wasu yankunan za su sa ka sa hannu a takarda a kan haka kafin gili ya nuna maka gurbin farko.